Tambaya da amsa: Remok ɗina yana karya lam a hanyar Cintabaradan, in ƙara falle ko in canza gatari?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin lafiyar dabbobi ne a Tawa. Da damina da kaka mukan bi makiyaya cikin Azawak, wani lokaci mu yi kwana goma a daji. Ina jan ƙaramin remok da Hilux, cikinsa akwai tanti, katifu, tukunyar gas, akwatin sanyi na allurai, gangar ruwa ɗaya da jarka huɗu na gazuwal. Sau biyu lam, wato fallayen ƙarfen da ke ɗauke da remok a kan gatari, yana karye mini a hanyar Cintabaradan, yanzu kuma taya ɗaya ta fara cinyewa ta ciki. Makanikina ya ce mu ƙara falle uku-uku a kowane gefe, mu kuma sa gatarin babbar mota. Ina neman shawararka kafin in kashe kuɗi.

Amsa

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya taimaka a kan wannan aiki. Ka yi daidai da ka dakata. Makanikinka ya ga inda ciwon yake, amma maganin da ya kawo zai mayar da shi wani wuri ne. Da yawa daga remok ɗin da ake kawo mana a karye, tauri ne ya yi musu yawa.

Kafin a taɓa ko noti ɗaya, sai mun san nauyin da kake ja. Gangar lita 200 cike da ruwa kilo 200 ce, ban da nauyin gangar kanta. Jarkar gazuwal ta lita 20 tana ɗauke da kusan kilo 17, huɗu da ƙarfensu sun ɗan haura kilo 80. Sa tanti, katifu, gas, abinci, akwatin sanyi, kayan gyara da tayar safaya, sannan ka ɗora nauyin remok ɗin kansa. Zan yi mamaki idan ba ka kusanci tan ɗaya ba. Yawancin ƙananan remok da ke shigo mana na hannu daga Turai an ƙera su ne don kilo 750 gaba ɗaya, kuma a kan kwalta. Duba ƙaramin allon ƙarfe da ke jikin shasi, a nan ake rubuta iyakar nauyin. Idan babu, ka auna kayan ɗaya bayan ɗaya a sikelin masu hatsi.

Tayar da ke cinyewa ta ciki tana gaya maka ɗaya daga cikin abu biyu: ko rulma, wato ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ya saki, ko gatarin ya lanƙwashe. Ɗaga ƙafar da jak, ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. Idan tana motsi, rulma ne; idan ba ta motsi, to ka tsaya daga baya ka dubi tayoyin biyu. In kawunansu sun karkata suna fuskantar juna, gatari ya tafi. Kada ka yarda a gasa shi da wuta a miƙe. Ƙarfen da ya lanƙwashe aka gasa, a wurin zai sake lanƙwashewa, wani lokaci ma ya tsinke ba gargaɗi.

Sai batun ƙara falle, wanda a nan ne na fi son ka saurare ni. Aikin lam shi ne ya lanƙwasa ya shanye bugun hanya. A hanyar burji mai gargada, taya tana hawa da sauka sau da dama cikin daƙiƙa ɗaya. Idan ka tara falle har lam ya zama kamar gungume, bugun bai ɓace ba, zai wuce kai tsaye zuwa kunnuwan da lam ke rataye a jiki, zuwa waldar shasi, zuwa rulma, daga nan kuma zuwa kwalaben allurar da ka ɗauko daga Tawa don dabbobin mutane. Garin neman gira a rasa ido ke nan: lam ya daina karyewa, shasi ya fara tsagewa, kuma fallen lam ana samunsa a Abalak, shasi kuwa sai an ja shi zuwa gari. Akwai wani abu da masu wannan shawara ke mantawa. Kana fita da ruwa da mai cike, kana dawowa ganga wayam, jarkoki wayam. Kusan kilo 300 sun ragu. Lam ɗin da ya yi tauri a tafiya, a dawowa tsalle kawai remok zai riƙa yi, tayoyinsa rabi a ƙasa rabi a iska.

Abin da nake so ka nema shi ne lam mai tsawo. Na ƙananan remok gajeru ne, sau da yawa ba su kai santimita 70 ba, kuma ƙarshensu na baya yana zamewa ne cikin wani ƙarfe ba tare da ido ba. Gajeren lam ba ya da wurin lanƙwasawa, shi ya sa yake gajiya ya karye kusa da kusar tsakiya da ke haɗe fallayen. Lam ɗin baya na Hilux ya haura mita ɗaya, yana da ido gaba da baya, yana ɗaukar nauyi kuma yana da laushi. Ka sayi guda biyu daga mota ɗaya, don kada gefe ya fi gefe tsayi. Idon gaba a kafe shi, na baya a rataye shi da ƙarfen lilo da makanikai ke kira jimel, kuma idan an yi lodi jimel ɗin ya ɗan karkata baya, kada ya tsaya cak. A sa sababbin robobi. Inda za a yi waldar kunnuwan, a fara shimfiɗa farantin ƙarfe mai kauri a gefen shasi don ya raba nauyin, domin shasin ƙaramin remok siriri ne, kunne kaɗai yage shi zai yi. Wani alherin kuma, duk garin da Hilux ke shiga za ka sami fallensa.

Dogon lam ba amortisa rabin aiki ne. Lam yana shanye bugu ya mayar, amortisa ce ke hana remok ci gaba da lilo bayan ya wuce ramin. Ka sa ɗaya a kowane gefe, a tsaye gwargwadon iko. Idan an kwantar da ita sosai ƙarfinta raguwa yake. A auna tsawonta yadda ba ita za ta tare gatari ba idan ya hau ko ya sauka, in ba haka ba kunnenta zai tsinke a tafiyar farko. Saboda haka a ɗaura robar tsayawa a shasi saman gatarin, da tazarar kamar yatsa huɗu idan remok na cike.

Gatari kuwa, e, a canza shi, amma ba da na babbar mota ba. Duk abin da ke ƙasan lam, wato gatari da ƙafafun da ake ɗaura tayoyi a kansu da tayoyin kansu, lam ba ya ɗauke da shi. Idan ya yi nauyi, a gargada guduma yake zama yana dukan remok daga ƙasa. Ga lodin tan ɗaya, gatari mai kusurwa huɗu na ƙarfe cikakke mai kaurin milimita 45 ana ƙiyasta shi wajen kilo 1,400, na milimita 50 kuma wajen tan 2. Don hanyoyin Azawak da duwatsun Adar ni na 50 zan zaɓa. A lura da tazarar da ke tsakanin mazaunin lam da ƙafa: gwargwadon nisanta, gwargwadon sauƙin lanƙwashewa, don haka a matso da lam kusa da taya iya yadda ba za su goga ba. Wasu suna ɗauko gatarin baya na tsohuwar Hilux dungurungum su sa. Yana aiki, sai dai yana da nauyi, kuma ƙullin tsakiyarsa yana shara a yashi.

Ka dage a kan abu biyu wajen haɗa gatarin. Na farko, ƙafafun su zama irin na motarka. Hilux mai tafiya da ƙafa huɗu tana da kusa 6 a da'irar milimita 139.7, Land Cruiser 79 kuwa kusa 5 ne a milimita 150, ba sa shiga juna. Idan janti da taya iri ɗaya ne, safayar mota ta zama ta remok, ta remok ta zama ta mota. Na biyu, faɗin ƙafafun remok ya yi daidai da na motar. A yashi, idan tayoyin remok suna bin sawun da mota ta riga ta danne, injin ba ya wahala. Idan suna yanka nasu sawun, za ka gani a gazuwal, za ka kuma gani a yawan kafewa. Bayan an ɗaura, a auna da igiya daga wurin maƙala remok da mota zuwa kowane ƙarshen gatari, awon biyu su zo ɗaya.

Idan remok ɗin wani mai karatu irin mai gatarin roba ne, kamar na AL-KO ko Knott, ba laifi a kwalta, amma motsinsa gajere ne, kuma idan robar ciki ta mutu ba mai gyara maka ita a daji. Akwai kuma tsarin da ake ji da shi a Ostareliya, kowace ƙafa da hannunta da sifirin mai murɗi. Yana da daɗin ja ƙwarai. Ban ba ka shawararsa ba, domin ranar da hannu ɗaya ya karye a bayan Tasara, jiran kaya daga waje za ka yi.

Wasu za su ce a ɗora lam a saman gatari don remok ya tashi. Yana ƙara tsayi da santimita goma ko fiye, amma da gangar ruwa a sama kifewa ta zo kusa. Da tayoyin Hilux, tsayin da za ka samu ya isa. Gangar a kwantar da ita a ƙasa, saman gatari ko ɗan gaba kaɗan, a ɗaure tamau. Kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin ya sauka a kan wurin maƙalawa. Idan baya ya fi nauyi, remok zai riƙa kaɗa wutsiya. Ƙwallon ja na milimita 50 ma ba ya juyawa sosai a gangaren ƙorama, ƙugiya da zobe sun fi dacewa da hanyarka. Kuma da yake ka wuce kilo 750, ka sa birki. A ƙa'idar Turai daga wannan nauyin birki dole ne, kuma dalilin bai canza ba don an shigo Nijar.

Bayan gyara, ka yi lodi ka yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100, ka tsaya ka sake ɗaure ƙarafunan da suka rungume lam da gatari, don sukan saki idan lam ya zauna. Sababbi za a sa, tsofaffin sun riga sun miƙe. Ka rage iskar tayoyin remok a gargada da yashi kamar yadda kake rage ta mota, ka mayar idan ka hau kwalta. Duk tsayawa ka ɗora hannu a kan kowace ƙafa: ɗumi ba komai, amma wadda ta fi 'yar'uwarta zafi rulmanta yana neman giris ko an matse shi da yawa. Da damina, kada ka faɗa ruwa da ƙafafu masu zafi, domin suna hucewa suna zuƙo ruwa da laka cikin giris. Ka ba su minti goma sha biyar tukuna. A akwatin gyara kada a rasa uwar lam ɗaya, wato babban falle mai ido, kusar tsakiya biyu, rulma na ƙafa ɗaya da robarsa, da gwangwanin giris.