Ku biyar ne, ba sai kun kai ga Jira ba

Ɗan'uwa, ka ce ku biyar kuke gina manhaja, rahoton kurakurai na ɓacewa cikin hirar WhatsApp, kana tambaya ko ku koma Jira, manhajar bibiyar kurakurai da ayyuka.

Shawarata, in a GitHub, shafin da masu gina manhaja ke aiki tare a kai, kuke ajiye aikinku, ku tsaya nan. Sashensa na Issues, inda ake shigar da rahoton kurakurai, kyauta ne, kuma yana manne da aikin kansa: mai gyara ya rubuta "fixes #12" (wato ya gyara na 12) a bayanin gyaransa, da zarar an haɗe shi da babban reshe, wato ainihin kwafin aikin, rahoto na 12 zai rufu da kansa. Wannan kaɗai na rage yawan tambayar "an gyara kuwa?"

Jira, wadda kamfanin Atlassian na Ostareliya ya fitar a 2002, tana da ƙarfi sosai, kyauta ce ma har mutum 10. Amma sai an ware mai tsara matakanta, ku kuwa ba ku da rarar hannu.

Redmine fa, wata manhajar mai irin wannan aiki, sai kun tanadi sabar kanku, wato kwamfutar da za ta ɗauke ta, da mai kula da ita.

Ko wacce kuka ɗauka, ku wajabta wa mai kawo rahoto ya faɗi matakan da ya bi har matsalar ta bayyana, da irin wayarsa.