Matar da Aka Jefa Kogi Don Gwada Maita

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Na ji an ce a Amurka, lokacin da take ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila, har kotu ake kai mace a kan zargin maita, a ɗaure ta a jefa ruwa. Da gaske ne? Kuma duk wadda aka zarga kashe ta ake yi? Daga wata mai bibiyar wannan fili.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Da gaske ne. A garin Salem, a 1692, mutum 19 aka rataye a kan wannan zargi, yawancinsu mata. Amma ba kowa aka kashe ba. Bari in ba ki labarin wadda ta rayu, don ita ce ta fi tsaya mini a rai.

Sunanta Grace Sherwood. An haife ta wajajen 1660 a Virginia, 'yar wani kafinta. Ta auri manomi James Sherwood, suka haifi 'ya'ya maza uku a ƙauyen Pungo. Tana noma, tana ungozoma, ta kuma san ganyayen magani. Macen da ake buga wa ƙofa da tsakar dare idan naƙuda ta zo, ita ce kuma ake fara nuna wa yatsa ranar da abu ya ɓaci.

A 1697 wani maƙwabci ya ce ita ta kashe masa bijimi da maita. Shekara na zagayowa wani ya ce ta kama masa aladu da audugar gonarsa. Wata mata, Elizabeth Barnes, ta ce Grace ta rikiɗa baƙar mage ta shigo mata ɗaki da dare. Abin da ke burge ni shi ne Grace ba ta ƙunshe kanta a ɗaki tana kuka ba. Ita da mijinta suka kai ƙarar ɓata suna. Ba su yi nasara ba, har kuɗin shari'a aka ɗora musu.

Mijin ya rasu a 1701, ya bar ta da gona, ba ta kuma sake aure ba. A 1705 rigima ta haɗa ta da wata maƙwabciya, Elizabeth Hill. Grace ta kai ƙarar duka, kotu ta ba ta gaskiya, aka biya ta diyyar sule 20. Ko wata guda ba a rufa ba, a farkon 1706, sai ga Hill da mijinta sun shigar da ƙarar cewa Grace ce ta sa matar ta yi ɓari. Ki lura da yadda abubuwan suka biyo juna, 'yar uwa. Ni dai a nan ramuwar gayya nake gani ƙarara.

Kotu ta tara mata 12 su tuɓe ta su duba jikinta ko akwai tambarin Shaiɗan. Wa aka sa ta shugabance su? Elizabeth Barnes, mai maganar baƙar mage. Wannan wulaƙancin ya fi yi mini ciwo a kan na kogin: mace ta doshi hamsin, mai manyan 'ya'ya, a tsaye ba sutura a gaban wadda ta yi mata ƙazafi, ana neman kowane ɗan tabo a fatarta don a ce hujja ce.

Ranar 10 ga Yuli, 1706, aka kai ta kogin Lynnhaven. Aka ɗaure babban yatsan hannunta na dama da na ƙafar hagu, na hagu da na dama, aka tura ta ruwa daga cikin kwale-kwale. Imaninsu shi ne ruwa abu ne mai tsarki, ba ya karɓar mayya: in ta nutse ba ta da laifi, in ta taso mayya ce. Kotun ta ba da umarnin kada a bari ta halaka, amma wane irin gwaji ne wannan da sai ka kusa mutuwa kafin a wanke ka? Grace ta taso, aka wuce da ita kurkuku.

Ba a rataye ta ba. A 1714 ta biya bashin harajin ƙasarta, aka tabbatar mata da gonarta mai eka 145. Ta koma cikin maƙwabtan nan da suka taru a bakin kogi suna kallonta, ta ci gaba da nomanta har ta rasu a 1740, tana da kusan shekara 80.

Ranar 10 ga Yuli, 2006, shekara 300 cif bayan jefa ta kogi, gwamnan Virginia Tim Kaine ya wanke sunanta. A 2007 aka kafa mutum-mutuminta a birnin Virginia Beach, tana riƙe da kwandon ganyen magani.