Ga Hajiyar da ta yi tambaya kan allura ko tiyata

Hajiya, sannu. Da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na share hawaye. Kin ce kansar furostet ce, wato gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, likita ya ba Alhaji zaɓi, ko allura duk wata uku ko a cire masa 'ya'yan maraina, shi kuma ya rantse ba za a taɓa shi ba. Haka maigidana Malam ya ce mini, babu ragi babu ƙari.

Mu allurar muka bi, Zoladex, wadda ake yi a fatar ciki. PSA ɗinsa, wato gwajin jinin da ake bin ciwon da shi, ya sauko, har ya koma zuwa masallaci da ƙafarsa. Sai kuɗi suka yanke. A lokacin ne ƙanensa ya shigo mana da jarkar tsimi, ya tsaya a tsakar gida, a gaban 'ya'yana, ya ce ni da likitoci so muke mu dandaƙe masa wa. Ni da nake wanke masa zanin gado kullum da asuba! Allura biyu suka wuce muna shan tsimi.

Wani dare wajen ƙarfe biyu fitsari ya ƙi fita. Mararsa ta kumbura ta yi tauri kamar tulu. Dattijo mai shekara 74 ya durƙusa yana cizon matashi, yana kiran sunan mahaifiyarsa. Na fita ba takalmi ina buga ƙofofi a Tudun Wada, har wani maƙwabci ya fito da Keke. Da aka sa masa robar fitsari a asibiti, sai ya riƙe hannuna ya yi shiru. Mai tsimin kuwa sai bayan kwana uku ya leƙo. Har yau idan ya gaishe ni, baki ne kawai ke amsawa, Allah ya yafe mini.

Allurar da tiyatar aikinsu ɗaya, rage sinadarin mazantaka da ciwon ke ci yana girma. Tiyata sau ɗaya ce, allura kuwa ba ta son fashi. Ku zauna da yara ku duba aljihu tsakani da Allah. Kuma kada maganar ta fito daga bakinki, namiji ba ya son jin wannan daga matarsa. Babban ɗansa ya shiga da shi wurin likita, ke ki jira a waje.

Idan an sa roba, jakar ta zauna ƙasa da mara, ya riƙa shan ruwa, kada ku wuce ranar canji. Zufar dare aikin maganin ce, kada a ce miki sammu ne. Amma ranar da ya ce ƙafafunsa sun yi nauyi ko sun mutu, a ranar za ku tafi asibiti, domin ciwon na kama ƙashin baya. Mu a asibitin koyarwa na Shika, Zariya, aka yi wa Malam gashin kansa da na'ura, ciwon bayan ya yi sauƙi.

Ke ma ki riƙa cin abinci, Hajiya. Ni sai da na faɗi a bakin murhu kafin na san hawan jini ya kama ni. Allah ya ba Alhaji lafiya.