Takalmin Sindirela da Uban da Ya Yi Shiru

'Yata, na karanta babobin da kika turo, na kuma karanta tambayar da kika rubuta a ƙarƙashinsu. Kin ce kin ɗauko tatsuniyar Sindirela kin dasa ta a wata makarantar sakandare ta wannan zamani. Takalmin gilashi ya koma wayar salula da yarinyar ta manta a wurin bikin makaranta, ɗan sarki kuma ya koma yaron da ya fi kowa farin jini. Kin tsame duk wani abu mai ɗaci domin littafin ya fito da tsafta, yadda uwa za ta miƙa wa 'yarta mai shekara 14 ba tare da ɗar-ɗar ba. Amma waɗanda suka duba miki sun ce labarin lami ne, shi ne kike tambaya ko tsaftar ce ta kashe shi.

Tsafta ba ta da laifi a nan. Abin da ya faru shi ne kin kwaso kayan labarin, kin baro ciwonsa a can.

Mu fara da takalmin, tunda a kansa kika fi kashe ƙarfi. Takalmin gilashi da kabewar da ta zama keken doki da gargaɗin ƙarfe goma sha biyun dare, a littafin Charles Perrault na Faransa suka shahara, wanda ya fito a 1697. A wajen 'yan'uwan nan biyu na Jamus, Jacob da Wilhelm Grimm, babu kabewa ko ɗaya. Bishiya ce ta tsiro a kan kabarin mahaifiyar yarinyar, tsuntsu ke jefo mata tufafi daga kanta, takalmin kuma na zinariya ne. A ƙasar Sin, tun ƙarni na 9 wani marubuci mai suna Duan Chengshi ya rubuta labarin Ye Xian, wadda matar ubanta ta kashe mata kifin da take ƙauna, ƙasusuwan kifin suka zama masu biya mata buƙata. Wata Baturiyar Ingila, Marian Roalfe Cox, ta tattara nau'o'in wannan labari da danginsa har 345 a 1893. Kin ga kenan kayan suna sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa, labarin kuma bai mutu ba. Abin da ba ya sauyawa shi za ki riƙe: yarinya ce da aka mayar da ita baiwa a gidan ubanta, taimako yana zuwa mata daga wajen da ba a zata ba, sannan a ƙarshe a gane ta ta hanyar wani abu da ba zai dace da kowa ba sai ita.

To wayar salula kowa yana iya manta ta, kowa kuma yana iya tsinta ya ce tasa ce. Ba ta faɗi komai game da yarinyarki ba. Aikin takalmin a tatsuniya shi ne ya ba da shaidar da ƙarya ba za ta iya sawa ba. Ki tambayi kanki, mene ne wannan yarinya take da shi wanda ba za a iya ƙwace mata ba ko da an ƙwace mata ɗaki da sutura da suna? Misali, a ce ita ce ke rubuta wa agolar gidan duk aikin makaranta cikin dare, har wata waƙa da ta rubuta ta ci gasa da sunan agolar. Ranar da aka ce mai waƙar ta tashi gaban jama'a ta ƙarasa baitin da ya rage, nan ne gwajin takalmi. A rubutun Grimm, 'ya'yan matar uban ɗaya ta yanke babban yatsanta, ɗaya ta yanke diddige, don dai ƙafa ta shiga. Ke ba kya buƙatar wuƙa ko jini. Ki nuna mana yarinyar da ta tsaya tana in-ina a kan abin da ba nata ba, tana yanke gaskiyarta guntu-guntu don ta dace da yabon da uwarta ta ɗora mata. Mai karatu zai ji zafin har ya tausaya mata.

Haka ƙarfe goma sha biyu. A babinki na huɗu yarinyar ta ruga da gudu don kawai agogo ya buga, alhali babu abin da zai same ta in ta ƙara sa'a guda. Ki ba lokacin haƙora. Wataƙila matar uban tana dawowa daga aikin dare a daidai wannan lokaci, ko kuma akwai ƙaninta marar lafiya da ta bari a gida, wanda ita kaɗai ta san lokacin maganinsa. Kuma kada ki manta zamanin da kika zaɓa: yaron nan cikin minti ɗaya zai iya nemo ta a intanet. In ba ki tanadi dalilin da ya hana hakan ba, matashin da ke karantawa zai riga ki ganin ramin, daga nan kuma ya daina yarda da ke.

Yanzu ga inda na fi so ki tsaya ki yi tunani. Kin kashe uban tun a shafin farko da haɗarin mota. Na san dalili, finafinai sun saba mana da haka, kuma ya fi sauƙi a zuciya. Amma a wajen Perrault uban yana raye, matarsa ta mallake shi, yarinyar ma ba ta iya kai masa ƙara domin faɗa zai yi mata. A wajen Grimm abin ya fi haka ciwo. Da ɗan sarki ya tambaye shi ko yana da wata 'ya, sai ya ce babu, sai dai wata 'yar tsurut mai aikin madafa da marigayiyar matarsa ta bari. Uba ne fa yake faɗin haka a kan 'yar cikinsa. Wannan shi ne ciwon labarin, kuma shi ne abin da ɗimbin matasa ke ɗauke da shi a ɓoye: wanda ya kamata ya tsaya musu yana gani, amma ya kawar da kai. Babu batsa a cikin wannan, babu ashar, babu jini. Don me za ki cire shi da sunan tsafta?

Su kansu 'yan'uwan Grimm sun yi aikin tsaftacewa, kuma yana da kyau ki san yadda suka yi. Kundinsu na farko ya fito a 1812, aka yi ta ƙorafin cewa bai dace da yara ba, Wilhelm ya yi ta gyara har bugu na bakwai a 1857. A bugun farko Rafunzel, yarinyar da aka kulle a hasumiya ɗan sarki yana zuwa wajenta a ɓoye, ta tona asirin kanta ne da ta tambayi dalilin da ya sa tufafinta suka fara matse ta, alamar juna biyu kenan. Daga baya aka sauya maganar. Muguwar sarauniyar da ta nemi kashe yarinyar nan da ta fake a gidan wadanni bakwai, a 1812 uwarta ce mahaifiya, sai a 1819 aka mayar da ita matar uba. Amma duk da wannan gyara, ba su taɓa yunwar da ta sa iyaye suka kai Hansel da Giretel daji suka yar ba. Sun bar hassada, sun bar maraici, sun bar tsoro. Har ma sun ƙara wani abu a Sindirela, tattabaru suka tsone idanun 'ya'yan matar uban a ranar biki. Wannan kam ni ban ga amfaninsa a littafinki ba, ramuwa ce kawai, kuma matashi ya fi ƙaruwa da ganin yadda mutum ke rayuwa da kunyar abin da ya aikata.

Saboda haka, idan ana maganar littafi mai tsafta, ana nufin abin da kika buɗe wa idon mai karatu ne da kalmomin da kika zaɓa. Nauyin abin da ke faruwa kuwa yana nan daram. Ki ɗauki labarin yarinya mai jar hula. A wajen Perrault kyarkeci cinye ta ya yi, babu maharbin da ya zo ceto, kuma ya rufe da gargaɗin 'yan mata game da kyarketai masu daɗin baki da ladabi. A yau wannan kyarkeci yana cikin waya. Yana turo saƙo mai taushi, yana tambayar sunan makaranta, yana tambayar unguwar da kakarta take da lokacin da take zuwa gaishe ta. Za ki iya rubuta wannan daga farko har ƙarshe ba tare da kalma ɗaya da za ta sa uwa ta rufe littafin ba, amma tsigar jikin mai karatu ta tashi. Dabarar ita ce ki tsaya a kan abin da yarinyar ta lura da shi, kamar yadda ya san launin rigar da ba ta taɓa turo hotonta ba. Ki yanke babin a inda ya kamata, ki dawo da safe ki nuna mana hannunta yana rawa. In hali ya yi fushi, gajerar magana da bugun ƙofa sun fi zagi isar da saƙo.

Soyayya ma haka take. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne jira, da maganar da ta zo baki aka haɗiye, da ranar da ɗaya ya fahimci ɗaya ba tare da bayani ba. Sai dai yaronki a yanzu kyau ne kawai da farin jini. Tatsuniya tana iya wadatuwa da ɗan sarki marar suna domin cikin minti goma ake gama ta, amma littafi mai shafi ɗari biyu ko uku ba zai ɗauki haka ba. Ki ba shi abin da yake so da abin da yake tsoro. Matar uban ma ki ba ta dalili, ko da tsoron kada nata 'ya'yan su tashi a tutar babu ne. Dalili ba ya wanke ta, sai dai ya sa muguntarta ta zama irin wadda muka sani.

Ki yi hattara kuma da malamar nan da kika sa a matsayin aljanar da ke taimakon Sindirela a tatsuniyar Perrault. Ita ta sayo riga, ita ta kai ta biki, ita ta tona asirin matar uba, ita ta haɗa ta da yaron. Me ya rage wa yarinyar? A littafin matasa, babba yana iya buɗe ƙofa, amma mai shekara 16 ɗin ce za ta taka ta shiga, ita ce kuma za ta biya kuɗin shigar. Tunda kin cire sihiri, kada ki maye gurbinsa da sa'a da katari.

Kin ambaci cewa bayan wannan kina son ki taɓa labarin Kyakkyawa da Dodo. Madam de Villeneuve ta wallafa shi a 1740, Madam Leprince de Beaumont ta taƙaita shi a 1756, nata ne kuma ya fi yaɗuwa. In kika dasa shi a yau yadda yake, saurayi ya tsare budurwa a gidansa har ta so shi, kin rubuta labarin garkuwa da mutane, kuma kin koya wa 'yan mata mummunan darasi komai tsaftar kalmominki. Dole ƙofa ta kasance a buɗe, zamanta ya zama zaɓinta, sauyin halinsa kuma ya zama aikinsa. Sannan ki koma tsofaffin rubuce-rubucen ki karanta da idonki. Su mallakar kowa ne yanzu, amma abin da kamfanin Disney ya ƙara, kamar sunayen da ya raɗa wa wadanni bakwai a fim ɗinsa na 1937, yana da mai shi, kada ki ɗauka.

Kafin ki taɓa sauran babobin, ki dawo da uban da rai. Ki rubuta mini shafi uku kacal: ya shigo gida da daddare ya tarar da 'yarsa tana wanke-wanke ita kaɗai, littafin jarrabawarta a jingine kusa da famfo tana leƙawa, sauran kuma suna falo suna dariya. Ki bar shi ya gan ta sosai, ita ma ta ga ya gan ta. Abin da zai ce ko ya kasa cewa, ke za ki yanke. Idan kin gama ki turo mini, sai mu duba maganar waƙar da gasar.