Amsa ga Kawu kan hoton maƙabartar Lancaster

Assalamu alaikum Kawu. Ina fatan kuna lafiya, ya iyali, ya mutanen Katsina? Saƙonku ya iso ni da daddare, kuma na ji nauyinsa. Kun ce kun ga hoton yaranmu tsaye a maƙabartar Nasara, kuna tambaya ko zaman Amurka ya kai mu ga ziyarar kaburburan da ba na Musulmi ba. Tambaya ce ta uba, ba zan amsa ta a tsaitsaye ba.

Ba mu yi addu'a a wurin ba, ba mu nemi tubarraki ba. Mu Hausawan da ke zaune a Harrisburg, babban birnin jihar Pennsylvania, na Nijar da na Najeriya, muna haɗa yara ranar Asabar su yi karatun allo da Hausa, wani lokaci kuma mu cika motoci mu kai su su ga wani abu na tarihin ƙasar da aka haife su. Lancaster ba ta kai tafiyar awa guda ba. Kabarin da kuka gani na wani lauya ne da ya zama ɗan majalisa, Thaddeus Stevens, wanda kullum yaranmu ke cin moriyar aikinsa ba tare da sun san sunansa ba.

An haife shi a 1792 a jihar Vermont, cikin talauci, da nakasa a ƙafa, har ya mutu yana ɗingishi. Mahaifinsa ya tafi ya bar su, uwar ce ta yi ta wahala har ya gama kwalejin Dartmouth a 1814. Ya zo Pennsylvania, ya yi koyarwa, sannan ya buɗe ofishin lauya a Gettysburg a 1816. Akwai tabo a farkon aikinsa, kuma ba ma ɓoye wa yara shi: a 1821 ya tsaya wa mai bayi a shari'ar wata mata, Charity Butler, da ke neman 'yancinta da na 'ya'yanta, ya kuma yi nasara a kanta. Daga baya mutumin ya juya, ya zama lauyan da bayin da suka gudu ke samun mafaka a wurinsa.

Abin da ya fi kama zuciyata ya faru ne a nan garinmu. An zaɓe shi majalisar jiha a 1833. A 1834 aka yi dokar makarantar gwamnati kyauta ga kowane yaro, sai masu biyan haraji suka tayar da ƙura, aka taso a soke ta a koma tsohon tsari, inda sai uba ya bayyana cewa shi matalauci ne kafin a koyar da ɗansa kyauta. Kawu, kun san mutumin kirki a wurinmu ya gwammace ya kwana da yunwa da ya tsaya gaban jama'a ya tona asirin gidansa. Haka talakawansu ma suke, da yawa sun bar 'ya'yansu a gida don gudun wannan tozarci. Majalisar dattawan jihar ta riga ta amince da sokewar. A watan Afrilun 1835 Stevens ya miƙe a majalisar wakilai ya yi jawabin da ya juya ra'ayin zauren, har ya yabi gwamna George Wolf, abokin hamayyarsa, saboda tsayawa kan dokar. Dokar ta tsira. Lokacin da na zo ƙasar nan ina aikin dare a sito, ba ni da ko kujerar zama a ɗaki, na kai ɗiyata makaranta, abin da aka nema shi ne shaidar inda muke zaune da takardar haihuwa da ta rigakafi. Ba wanda ya tambaye ni nawa nake samu.

A 1838 ya ƙi sa hannu a sabon kundin tsarin mulkin jihar domin an keɓe ƙuri'a ga farar fata kawai. Ya koma Lancaster a 1842, ya je majalisar tarayya a Washington daga 1849 zuwa 1853, ya sake komawa a 1859 ya zauna har mutuwarsa. A yaƙin basasa shi ne shugaban kwamitin da ke samo kuɗin yaƙi, kuma sojojin kudu sun ƙone masa masana'antar ƙarfe a 1863. Yana cikin waɗanda suka tura gyara na 13 ga kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya haramta bauta a 1865. Ya nemi a raba wa 'yantattun bayi gonaki, eka arba'in ga kowane gida, wannan bai samu ba.

Sai gyara na 14, wanda ya jagoranta a majalisar wakilai, aka tabbatar da shi a Yulin 1868. Jimlar da ta ce wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne a majalisar dattawa aka ƙara ta, amma alkawarin kariya iri ɗaya a gaban doka shi ne abin da ya yi rayuwarsa yana nema. Jikokinku uku da wannan gyara suka sami fasfo. Wata guda bayan tabbatar da gyaran, ranar 11 ga Agustan 1868, Stevens ya rasu.

Yanzu ga dalilin maƙabartar. Ya ƙi a binne shi a manyan maƙabartun garin domin ba sa karɓar gawar baƙar fata, ya zaɓi wata 'yar ƙarama, Shreiner, da ba ta ware kowa. A jikin dutsen an rubuta dalilinsa, cewa yana so ya nuna a mutuwa abin da ya yi kira gare shi a raye, daidaiton mutane a gaban Mahaliccinsu. Malaminmu ya sa yara suka karanta, sannan ya karanto musu ayar Suratul Hujurat, cewa mafi daraja a wurin Allah shi ne mafi taƙawa. Ya gaya musu makomar mutumin tana hannun Allah, aikinsa kuwa ga shi a fili.

Kun kuma tambaya me ya sa muke cusa kai a siyasar mutane. A nan, Kawu, hukumar makarantun gari zaɓenta ake yi, kuma zamanta a buɗe yake, kowane mazauni zai iya neman a ba shi 'yan mintuna ya yi magana. Da haka iyaye ke neman a yi wa yara uzuri ranar Sallah, ko a ba masu azumi wurin zama lokacin cin abinci. Ɗan majalisa yana da ofis a mazaɓarsa, kana iya buga waya kan takardunka da suka maƙale, ba sai ka san wani ba. Dattawanmu sukan raba aikin, wannan ya je zaman makaranta, wancan ya raka sabon zuwa, mata kuma su bi gida-gida lokacin rajistar zaɓe. Ba komai muke samu ba, wariya ma ba ta ƙare ba, amma shiru bai taɓa kawo mana komai ba.

Babban ɗana ya nemi shiga kwalejin koyon sana'a da ke Lancaster, wadda aka kafa a 1905 da gadon da Stevens ya bari don marayu da 'ya'yan talakawa ba tare da duba launi ba. Aikin lantarki yake so. Ku sa shi a addu'a, zai kira ku ranar Juma'a bayan an sauko. A gaida Inna da su Yaya.