Tambaya da Amsa: Idan Manhajar Karanta Allo Ta Rasa Inda Take a Shafin Intanet

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne mai lalurar gani, kuma da manhajar karanta allo ta NVDA nake aiki a kwamfutata. Akwai wani shafi da nake cike fom a cikinsa, amma da zarar na danna maɓallin aikawa sai muryar ta yi tsit, ko kuma ta jefa ni can saman shafi, kamar ɗan jagora ya saki sandata a tsakiyar kasuwa. Wanda ke kusa da ni yakan ce wani akwati ya fito a allo, ni kuwa ban ji komai ba. Wani abokina ya ba ni shawarar in rubuta sikirif, wato ɗan jerin umarni ga kwamfuta, da zai tilasta wa manhajar ta je inda nake so. Shin hakan zai magance matsalar?
Malam A. M., Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarar abokinka tana da tushe, sai dai rabin magani ce, domin ciwon yana jikin shafin ne, ba a kwamfutarka ba.

A kowane lokaci burauza tana riƙe da abu guda ɗaya tak a cikin shafi, ko maɓalli ko mahaɗi ko gurbin rubutu, wanda shi ne zai amsa idan aka taɓa kibod. Wannan ita ce matsaya, ita ce maɓallin Tab ke ciyarwa gaba, kuma ita manhajar karanta allo ke bi tana sanar da kai. Idan shafi ya buɗe akwatin saƙo a tsakiyar allo amma wanda ya gina shi bai mayar da matsaya cikin akwatin ba, mai gani zai gan shi nan take, kai kuma za a bar ka a bayansa. Idan kuwa shafin ya goge maɓallin da kake tsaye a kai bayan ka danna shi, matsayar ta rasa wurin zama, shi ya sa wani lokaci kake tsintar kanka a farkon shafi.

Sikirif yana aiki, wannan babu shakka. Manhajar karanta allo ta JAWS, wadda ta fito a Windows tun 1995, tana da nata harshen rubuta sikirif, ita kuma NVDA, wadda Michael Curran ya fara a Ostareliya a 2006 kuma ake rabawa kyauta, tana karɓar ƙarin manhajoji da ake rubutawa da harshen Python. Ta wannan hanya za ka iya ware maɓalli guda da zai kai ka kan akwatin kai tsaye. Amma sikirif irin wannan ya dogara ne da tsarin shafin kamar yadda yake a yau, ranar da masu shi suka sake fasalinsa aikinka ya rushe. Haka kuma a kwamfutarka kaɗai zai yi amfani. Mai manhajar karanta allo ta TalkBack a wayar Android da mai VoiceOver a iPhone suna nan cikin wahalarsu. Sannan fitowar NVDA ta farko a kowace shekara takan sa tsofaffin ƙarin manhajoji su daina aiki har sai an sabunta su. Ina kuma gargaɗinka da ka guji saka ƙarin manhaja wanda ba ka san asalinsa ba, domin yana iya ganin duk abin da kake rubutawa, har da lambobin sirri. Rumbun ƙarin manhajoji da aka gina cikin NVDA tun fitowar 2023.2 ya fi zama abin dogaro.

Kafin ka kai ga sikirif, gwada abin da ke hannunka. Danna maɓallin NVDA (wato Insert ko Caps Lock, gwargwadon saitinka) tare da F7, za ka samu jerin mahaɗai da kanun shafi, ka zaɓi inda za ka. Harafin H yana tsallakawa zuwa kanu na gaba, B zuwa maɓalli, E zuwa gurbin rubutu. Ka kuma gwada Control da End, saboda sau da yawa akwatin da ake gani a tsakiyar allo a ƙarshen shafi aka dasa shi.

Gyaran gaskiya yana hannun masu shafin, kuma layuka kaɗan ne. Idan akwati ya buɗe, su tura matsaya cikinsa, su tsare ta a nan har a rufe shi, su bar maɓallin Escape ya rufe shi, sannan su mayar da ita kan maɓallin da ya buɗe shi. Alamar dialog ta HTML, harshen da ake gina shafuka da shi, tana yin mafi yawan wannan da kanta idan aka buɗe ta da umarnin showModal. Saƙon da ba ya buƙatar amsa, kamar sanarwar cewa an karɓi fom, bai kamata ya fizge matsaya ba. Aria-live, wata alama da mai gina shafi ke sa wa saƙon, ya isa ya sa a karanta shi mutum yana inda yake. A ganina yawan motsa matsaya ba gaira ba dalili ya kusa kai rashin motsa ta muni.

Saboda haka ka rubuta musu. Ka faɗi sunan manhajarka da burauzarka da maɓallin da ka danna da abin da ya biyo baya, ka ambaci sharaɗi na 2.4.3 a ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu lalura amfani da shafuka, na ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet, wanda ya shafi jerin matsaya, da na 4.1.3 da aka ƙara a 2018 kan saƙonnin sanarwa. Ka roƙe su su ajiye linzamin kwamfuta gefe, su cike fom ɗin nasu da kibod kaɗai daga farko har ƙarshe, domin a nan za su ci karo da matsalar da kansu.