Igiya ko Waya: Amsa ga Yaron Shago

Kana tambayata me zai hana mu ɗaura igiyar roba daga fofa zuwa allo mai lilo, kwalin da ake harbi a wasan harbin bindiga, mu huta da kuɗin wayar ƙarfe da bututu. Kai yaro, ku 'yan yanzu komai sai kun nemi hanyar da ba gumi. Zauna ka ji.

Fofa ƙarfe ne mai faɗuwa in harsashi ya same shi. A dokar IPSC, ƙungiyar wasan harbi ta duniya, ɓangaren ƙaramar bindiga, babba santimita 85 ne tsayinsa, ƙarami 56. Faɗuwar tasa ce ke fizge sakatar da ta riƙe allon, nauyin da ke ƙasa ya ja shi ya kama lilo. Sharaɗin shi ne duk wanda ya shiga fagen ya tarar da shi iri ɗaya. In sakata ta fita kafin a harba, ko fofa ya faɗi ita ta ƙi fita, alƙalin fili zai kira shi matsalar kayan aiki, a sake harbin daga farko.

Wani ɗan kwangila ya taɓa zuwa nan Ƙofar Marusa da aikin filin atisaye. Na yanka mashi fofa da ƙarfen AR500, mai taurin da ke jure harsashi, mai kaurin milimita 10, na haɗa komai da waya cikin bututu. Ya ba da rabin kuɗi, ya kwashi kaya. Ashe da ya isa sai ya cire wayar ya sa igiyar shanya, ragowar ƙarafan harbin kuma ya ba wani ya yanka da falankin ƙarfen ƙofa. Da rana ta take igiya ta saki, fofa ya faɗi, allo na tsaye. Suka ɗaure ta tamau, sai ga shi igiyar ta riƙe fofa, harsashi ya same shi a tsakiya ya ƙi faɗuwa. Ƙarfen banzan nan kuma ya yi ramuka, ɓarɓashin harsashi na dawowa kan mutane, domin layin tsayawa ma a mita 5 ya ja shi, wai fili ya yi kaɗan. Doka ta ce tsakanin mai harbi da ƙarfe kada ya gaza mita 7, layin kuma a ja shi a mita 8 saboda mai zarce ƙafa. Da aka tsare shi sai ya ce aikin mai walda ne. Cikon kuɗina har yau yana wuyansa, ban kuma yafe ba. Araha ba ta ado.

Yanka da goge baki ba sai na koya maka ba. Abin lura shi ne sakin waya: ka bar mata sarari yadda sai fofa ya riga ya rinjaya sannan ta ja sakata. In ba haka ba zai faɗi gwaji, don da harsashin milimita 9 mai ma'aunin ƙarfi (lissafin nauyinsa da gudunsa) 120 zuwa 125 ake gwada shi. Kada ka yi walda a fuskar ƙarfen, zafi na kashe taurinsa. Bol da noti ake sa wa. Giris kuma ban da shi lokacin hunturu, ƙura yake tarawa sakata ta cije.

Sai inda allon zai tsaya. In ya huta ana hango ko da wani yanki na sashen A, wato inda ya fi maki a jikin kwalin, wanda ya kuskure shi an cire mashi maki 10 kan kowane harsashi. In kuwa ya ɓuya gaba ɗaya bayan shinge, ba hukunci, sai fa in mutum ya gama harbinsa bai tayar da shi ba. Don haka ka tambayi mai tsara fagen wanne yake so kafin ka ɗaure matokari. Ka kuma duba duk inda allon ya karkata, harsashin da ya huda kwalin a tudun ƙasa zai ƙare.

Ƙaramin fage harsashi 12 ne iyaka, matsakaici 24, dogo 32, kuma ba a tilasta fiye da 9 daga wuri guda. Fofan da ke tayar da allo yana cikin lissafin nan, ka ƙirga da shi tun a zane.